Wasiƙar da Ta Yi Wata Bakwai a Durowata

Litinin, 8 ga Satumba

Malama ta kira ni da hantsi, ina wanke-wanke. Wai ƙaninta Dogo ya yanke jiki ya faɗi a shagon gyaran firij, ubangidansa ya kai shi asibiti. Tana magana tana kuka, sai da na ce ta share hanci ta faɗa mini a nutse. Babbar 'yata ce, malamar makaranta, 'ya'yanta uku, amma har yau ba ta iya ba da labari ba.

Na ce na ji. Ta ce, "Shi ke nan, Umma? Kin ji?" To me zan ce? Tun watan Janairu na faɗa. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Ban je ba. Wata takwas ke nan da ya sa ƙafa ya bar gidan nan, bai dawo ya ce ya tuba ba. Uwa ba ta bin ɗa. Na ƙarasa wanke kwanukana na kife su. Kofi ɗaya ya suɓuce ya fashe. Sabulu ne ya yi yawa.

Talata, 9 ga Satumba

Bari in rubuta yadda aka yi, don kada gobe a ce na zalunce shi.

Shekara biyu da rabi da suka wuce aka yi wa yaron nan aikin zuciya, aka canza masa wani murfi da ba ya rufuwa daidai. Shi bawul yake ce masa, irin bakin masu gyara. Ni na yi jinyarsa, kwana ashirin da ɗaya a gindin gado. Ya warke, ya yi kumatu, ya koma aiki. Ƙarshen bara ya fara canzawa. Barci har rana ta take. Zanin gado jiƙe sharkaf da zufa kowace safiya. Wando yana zame masa. Ido ja. A zuba masa abinci ya tsakura ya ture. Ni ba yarinya ba ce, ina ganin 'ya'yan mutane a bakin layinmu. Ranar wanki na tarar da ƙwayoyi ƙulle a leda cikin aljihunsa. Ya ce na zazzaɓi ne. Dukkansu haka suke cewa.

Na kira yayarsa da mijinta, na zube ƙwayoyin a kan tebur, na faɗi abin da ya kamata uwa ta faɗa. Na ce gara da ubansa ya riga mu gidan gaskiya, bai ga wannan rana ba. In ba shi haƙƙinsa, bai ɗaga mini murya ba. Cewa ya yi, "Umma, ko sau ɗaya ba za ki tambaye ni me ke damuna ba?" Ya haɗa jakarsa ya koma ɗakin da ke bayan shago.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban yi nadama ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Na je. Don bakin mutane.

Sai da na wuce gadonsa ban gane shi ba, Malama ta jawo ni baya. Wuyansa kamar na shamuwa. Agogonsa ya sauka har kusan gwiwar hannu. Ya yunƙura zai tashi ya gaishe ni, nas ta danne masa kafaɗa. Ya ce, "Umma, kin sha hanya."

Da ƙaramin likitan ɗakin ya zo, na ce masa a gaban kowa, a gwada jinin yaron nan a ga abin da yake sha. Ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani. Likitan ya dube ni ya ce sun gwada tun ranar farko, babu komai. Na ce a sake. Ya ce, "Mama, babu komai."

Dogo ya juya fuskarsa bango.

Alhamis, 11 ga Satumba

Yau likitar zuciya ta zo da kanta, wadda ta yi masa aikin farko. Gajeriyar mace, gashinta ya fara fari. Ta jawo kujera ta zauna. Tun daga nan na san akwai magana, don likita ba ya zama a kan labari mai daɗi.

Ga abin da na gane. Lokacin aikin zuciya, tsayar da zuciyar ake yi, a riƙa zagayar da jinin mutum ta waje cikin bututu. Akwai wata na'ura a gefe mai tankin ruwa, ita ke sanyaya jinin yayin da ake aiki, in an gama ta ɗumama shi ya koma yadda yake. Ruwan tankin ba ya taɓa jini. Amma daga baya an gano wata ƙwayar cuta ta yi gida a cikin tankin, fankar na'urar kuma tana feso ta cikin iskar ɗakin tiyata, ga ƙirjin mutum a buɗe. In ta sauka a kan sabon murfin zuciya sai ta yi lamo. Shekara ɗaya, biyu, har fiye, tana cin mutum a hankali.

Dogo ya riga ni fahimta. Ya ce, "Tanki da fanka ne kawai, Umma. Kamar na'urar sanyaya ɗaki da aka daɗe ba a wanke ba." Har da dariya. Wai shi da yake zagin mutane kullum don ba sa wanke injinansu.

Likitar ta ce ba ta tabbatar ba tukuna, gwajin yana ɗaukar mako shida, amma za a fara magani yau. Sannan ta ce masa, "Mun rubuta wa duk wanda aka yi wa aiki a wancan lokacin, tun watan Fabrairu. Mun kira lambar da ke fayil ɗinka, ba ta shiga. Wasiƙar ba ta iso ka ba?"

Lambar marigayi ubansa ce a fayil ɗin.

Ya ce bai ga komai ba. Malama ta ce, "Wace wasiƙa? Ba abin da kuka aiko!"

Akwai wani tsagi a daɓen ɗakin, daga ƙafar gado zuwa bakin ƙofa. Shi na yi ta kallo.

Juma'a, 12 ga Satumba

Tana nan. Durowa ta biyu, ƙarƙashin rigunan filo.

Asabar, 13 ga Satumba

Farar ambulan ce, da tambarin asibiti, da sunansa. Na tuna ranar da ta zo, mako uku bayan tafiyarsa. Na juya ta gaba da baya. Na ɗauka irin takardar nan ce ta tuna wa mutum ranar duba lafiya.

Ban buɗe ba, saboda ba sunana ke kai ba. Shekara talatin da biyu da marigayi, ban taɓa buɗe masa takarda ba, kuma haka na koya wa 'ya'yana: abin da ba naka ba, ko a buɗe ka gan shi, kau da kai. Ban aika masa ba, saboda na rantse ba zan fara nemansa ba. Ban ba yayarsa ta kai ba, saboda zai ce dabara ce, uwarsa ta sauko. Na ce ranar da ya zo ya durƙusa, in ya gama ba da haƙuri, sai in miƙa masa.

Na duba dalilan nan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne daidai ne. Ban ga inda na saɓa ba. To me ya sa tun shekaranjiya ruwa ma ba ya wuce mini?

Lahadi, 14 ga Satumba

Na buɗe, da wuƙar yanka albasa.

Shafi ɗaya ne. Sun ce haɗarin kaɗan ne, amma duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya zo ba tare da ɓata lokaci ba: zufa cikin barci, zazzaɓin da ba ya jin magani, rama, kasala, rashin cin abinci, ciwon ido.

Kamar daga bakina suka kwafa. Abin da na lissafa masa ke nan a gaban yayarsa da mijinta, da yatsu, ɗaya bayan ɗaya.

Alhamis, 18 ga Satumba

Magani kala huɗu. Yana sha yana amai, a sake ba shi. Fitsarinsa ya koma ja-ja, nas ta ce aikin maganin ne. Ya ce mata to a ɗura a kwalba a sayar a kanti. Ban ga abin dariya ba. Na ce masa mara lafiya ambaton Allah ya kamace shi, ba shirme ba. Ya ce, "To, Umma." Malama ta harare ni.

Litinin, 22 ga Satumba

Na tare likitar zuciya a kan matakala. Na ce ina tambaya ne kawai, da a ce mutum ya zo tun Fabrairu fa?

Ta tsaya, ta dube ni fiye da yadda nake so. Ta ce ba za ta ce da ya tsira daga ciwon ba, don ya riga ya shiga jikinsa. Amma wata bakwai ba abin wasa ba ne. A Fabrairu mai yiwuwa yana kan murfin kaɗai. Yanzu suna ganin alamarsa a hanta da ido.

Ta ce, "Mama, akwai abin da kike son faɗa mini?" Na ce babu. Na ce Allah ya saka da alheri.

Ni ce yau na yi ƙarya a tsaye, da rana tsaka, da mayafina.

Asabar, 27 ga Satumba

Ubangidansa ya zo dubiya, hannu duk baƙin mai, ko wankewa bai yi ba. Ya biyo ni waje yana ta yabon Dogo. Wai shekara shida ko taba bai taɓa ganin ya riƙe ba, in yaran layi suka zo da shashanci shi ke korarsu. Wai tun damina yake ce masa, "Injiniya, je ka asibiti, wannan ramar ta yi yawa," shi kuma sai ya sayo maganin zazzaɓi a kemis ya haɗiya. Rannan da ya matsa masa, sai ya ce, "Maigida, wadda ta haife ni ta dube ni ta ce ɗan ƙwaya ne. Likita me zai ce?"

Mutumin bai san abin da yake faɗa mini ba. Ko kuma ya sani.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Surukina ya rubuta takardar ƙorafi zuwa ga shugabannin asibiti, shafi uku, cewa ba su aiko da wasiƙar komai ba, sun bar yaro yana mutuwa. Ya karanta mana a falo yana kaɗa yatsa. Ya ce, "Umma, ke ce a gidan, ke za ki fara sa hannu." Na ce tabarauna ya ɓata, ya bari sai na gan shi. Tabaraun yana cikin jakata.

Lokacin da Malama take aji huɗu ta ɓoye takardar sakamakonta a ƙarƙashin katifa, kwana biyar. Da na gano, da igiyar guga na dake ta. Na ce mata faɗuwa jarrabawa ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi. Har yau akwai ɗan tabo a bayan hannunta. Ɗazu da ta miƙo mini shayi na gan shi.

Talata, 7 ga Oktoba

Na sa wasiƙar a jaka na tafi da ita. Na tarar ya samu barci. Na dawo da ita.

Laraba, 8 ga Oktoba

Yau idonsa biyu, amma akwai mutane.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ba kowa a ɗakin, ba barci yake ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ka yi salla?" Ya ce ya yi, a kwance.

Ya ce idonsa na dama kamar an shafa masa man shafawa, layin da ke jikin labule ya daina ganinsa. Ya tambaye ni ko itacen lemon da ke tsakar gida ya yi 'ya'ya bana. Na ce ya yi. Bai yi ba, tun bazara ya bushe.

Na yi ta roƙon Allah ya sa gwajin ya nuna wani ciwo ne daban. Kowane iri. Ina jin kunyar addu'ar, don na san ba shi kaɗai nake roƙa wa ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Sakamako ya fito. Ita ce.

Magani kaɗai ba zai iya ba, sai an sake buɗe ƙirjin an cire murfin da ƙwayar ta kama, a sa wani. Talata mai zuwa. Malama ta tambayi likitar, cikin goma nawa ke tashi. Ta ce ba ta son ba da adadi, amma jikinsa ya yi rauni sosai, mu shirya wa kowane hali.

Dogo kuwa tambayarsa ɗaya: da wace na'ura za a sanyaya jinin? Ta ce dole sai da irinta, ba a aikin zuciya ba tare da ita ba. Amma tsohuwar an fitar da ita, sabuwar kuma a wani ɗaki take, bututun kaɗai ke ratsa bango, iskarta ba ta shiga inda ake aiki. Ya ce, "Wa ke wanke tankin? Ku turo mini shi in yi masa tambayoyi." Ta yi dariya. Ni na fita.

Ƙirji ɗaya, sau biyu. Wannan ƙirjin da ƙasusuwansa ke ƙirguwa ta cikin riga.

Juma'a, 24 ga Oktoba

In na yi shiru ya tafi, ya tafi yana zargin mutanen da suka sauke nauyinsu. In na faɗa, na ɗora masa dutse a ƙirji ana shirin tsaga shi. Na yi ta gaya wa kaina shirun tausayi ne. Da wata ce ta zo mini da wannan zance, na san amsar da zan ba ta, kuma ba zan tausasa ba.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na faɗa.

Bayan la'asar ne, an gama aske masa ƙirji. Malama tana ninke tawul. Na ce ta zauna, ita ma ta ji. Na fito da ambulan na ɗora a kan bargo. Bai iya karantawa ba saboda idon, ya shafa ta da yatsa, ya ji inda wuƙa ta yanka. Na ce ta zo tun Fabrairu. Na ce tana durowata. Na fara jero dalilai, na kai na biyu, na ji yadda suke a kunne, na tsaya.

Malama ta ce, "Umma." Sau uku tana faɗa.

Shi ya ci gaba da shafa ambulan ɗin. Can ya ce, "Ranar da likita ta tambaya, kina tsaye a nan." Na ce ina tsaye. Ya ce, "Mako shida." Na ce e.

Na jira ya yi faɗa. Wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya ce, a hankali, kamar yana sallamar mai kawo gyara, "Umma, ki je gida. Rana ta yi sanyi."

Na ce ya yafe mini. Ban taɓa faɗa wa ɗan da na haifa wannan kalma ba, ta fito a karkace. Ya ja bargo ya rufe kafaɗarsa. Ban sani ba ko ya ji.

Talata, 28 ga Oktoba

Ƙarfe bakwai na safe suka tura shi. Ya riƙe hannun yayarsa har bakin ƙofa. Ni ina daga nesa, wajen tagogi, bai waiwayo ba.

A jikin bangon da na jingina akwai wani ƙaramin ɗaki, ana jin gurnanin inji a ciki. Na tambayi wani mai koren kaya, ya ce na'urar ce. Awa tara ina jin ta. Na yi ta tunanin jinin da na ɗauka wata tara a cikina yana fita yana zagayawa, ana sanyaya shi kamar ruwan sha.

Ya fito da rai. Iyakar abin da likitar ta ce ke nan.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Bai farka ba. Ƙodarsa ta ƙi aiki. Malama ba ta yi mini magana, sai dai ta ajiye mini abinci a gefen benci. Surukina ya yaga takardarsa, ya gaishe ni yana kallon takalminsa.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ya buɗe ido. Mutum ɗaya ake bari ya shiga. Nas ta tambaye shi wa yake so, ya ce yayarsa.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Yayarsa.

Talata, 4 ga Nuwamba

Yayarsa, sannan ubangidansa. Ina kan benci tun safe har aka rufe. Likitar ta ce ko ya fita daga nan, magani shekara ɗaya ne ko biyu, idon dama kuma kada mu sa rai. Ta ce har yanzu ba ta ce ya tsallake ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya nas ta leƙo ta ce, "Mama, ya ce ki shigo. Amma wai da sharaɗi." Tana jin nauyin faɗa. Na ce ta faɗa. Ta ce, "Wai kada ki ce komai."

Ɗan da na haifa, yana kafa mini sharaɗi ta bakin bare. Na tsaya na gyara mayafi. Na shiga.

Bututu ta ko'ina. Bai dube ni ba, ni ma na zauna a kujerar da ke gefen idonsa mai gani. Farcensa ya yi zaƙo-zaƙo, yayarsa ba ta lura ba. Rediyon da ubangidansa ya kawo yana ta waƙoƙin banza ƙasa-ƙasa. Aka kira azahar, bai motsa ba. Duk na gani.

Can ya miƙa hannu yana lalubar kofi, ya kasa kaiwa. Na tura masa shi kusa. Ya ɗauka da hagu ya sha, alhali hannun daman ba abin da ya same shi. Ina jin da gangan ne, don ya ɗan saci kallona ta saman kofin.

Awa biyu na yi. Da nas ta zo sallamata, ya ce mata, ba ni ba, "Gobe ma ta zo. Sharaɗin yana nan."

Ba wai na yarda shan ruwa da hagu daidai ne ba. Maƙogwarona ne ke ciwo kwanan nan, magana tana yi mini wuya. Na sa abin yankan farce a jaka. In ya miƙo hannun, to. In bai miƙo ba, zan zauna.